Darasi a Majema

Ranar Talata na rufe littafin tarihi,
na ce su ajiye biro, su ɗaure takalmi.
Su talatin da ɗaya ne: 'ya'yan soja daga bariki,
'ya'yan masu shagon taya, da na ma'aikatan asibiti,
waɗanda Sakkwato a wurinsu rana ce mai ƙuna
da layin famfo, da sunan da ake cikewa a takarda.

Muka bi ta bayan kasuwa har unguwar majema.
Tun ba mu sha kwana ba wari ya tare mu.
Terhemba ya toshe hanci da kwalar riga,
Ebiere ta ce, "Malam, wai wannan ne tarihin?"
Na ce shi ne. Bai saba wanka don baƙi ba.

Tsoho Hantsi na zaune bakin kwatarniya,
hannunsa ja har gwiwa da ruwan karan dafi.
Bai tashi ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai zaɓen fata ran kasuwar Acida.

Ya ce, "Ku matso, ɗiyana, ba ta cizo.
Wagga ta jar akuya ta, haihuwar ƙasag ga.
Toka ka cire mata gashi,
bagaruwa ka ba ta rai na biyu.
Kakan kakana ya jeme irinta,
raƙuma sunka ɗauka, sunka ƙetare rairayi,
can nesa anka saye ta da sunan wata ƙasa.
Mu munka sha wari, su sunka sha suna."
Ya yi dariya da haƙoransa uku.
Damilare ya rubuta maganar a tafin hannu.

Sai Nkiruka, wadda ba ta cika magana ba,
wadda cibiyarta ke bisne bayan shagon ubanta,
ta ɗaga murya da Sakkwatancin da ya fi nawa gishiri:
"Baba, ni nan anka haihe ni,
amma takardar makaranta ta ce baƙuwa nike.
To wanga labari, aro za ni riƙe shi, ko nau na?"

Na laluba shekara goma sha bakwai ta alli da allo,
ban samo mata amsa ba.
Ƙuda ya sauka a kafaɗata, na bar shi.

Tsoho ya tsamo fata, ya matse, ya miƙa mata.
"Riƙe. Mi kig gani?"
Ta ce, "Ja."
"Shekaranjiya fara ta.
Ba wanda yas sa mata hannu ga takarda,
kwana ta yi cikin tukunya."
Sannan ya karkato kansa wajena:
"Kai kuma, Malam Arzika, da kake tsaye kamar mai gari,
ba kakanka na yaz zo daga Adar
da jaki guda da mangul biyu na gishiri ba?"

Aji ya fashe. Ni ma na yi, daga baya.

A hanyar komawa ba wanda ya toshe hanci.
Terhemba na ba su labarin kakarsa
da zanen da take saƙawa, baƙi da fari.
Ebiere ta tambayi inda gulbin Rima yake zuwa,
na ce yana bin wasu ruwaye har ya faɗa Kwara,
daga nan ya gangara kudu.
Ta ce, "Ashe ta ƙofar gidanmu yake wucewa."

Washegari uwar Nkiruka ta aiko da wasiƙa:
me ya ɓata farar rigar da ta saya da tsada?
Shugaban makaranta ya kira ni ofis,
ya ce in nuna masa majema a cikin manhaja.
Ban iya ba. Na sa hannu, na fito.

Takardar yarinyar tana nan yadda take,
ba ni da ikon goge ko wasali ɗaya.
Amma har Juma'a ta zagayo,
duk sanda ta ɗaga hannu za ta ba da amsa
ina hango jan nan a gefen farcenta,
sabulu bai gama da shi ba.